Make ko do: shawarwarin ɗalibanmu na Madina

Ɗalibai Hausawa masu koyon Turanci a Madina sun ja zancen nan bayan isha'i. "Yi" ɗinmu ɗaya ne, Bature kuwa ya raba shi biyu: make da do.

Wani malami ya ce do na aikin yau da kullum ne: do homework, do the dishes, do business. Make kuwa na abin da ka samar ne: make tea, make a plan, make money.

Wani ya ce, "Allah gafarta malam, make the bed fa? Ni ba kafinta ba ne." Aka kwashe da dariya. Nan ƙa'idar ta gaza, don gyara shimfiɗar gado ake nufi, haka ma a make a mistake (yin kuskure). Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a haddace irin waɗannan cikin jimla, yadda muke haddar matani.