Neman kalma: me za mu kira "resilience" in ana maganar fasahar Yukren?

Jama'a, ku taya ni. Kusan duk rubutun da ake yi kan masu zane da sassaƙa na Yukren tun da Rasha ta kai wa ƙasar mamaya a 2022 sai an sa kalmar Turancin nan, "resilience". Mu kuma da mun gan ta sai mu ce juriya, mu wuce. Juriyar nan ba ta ishe ni ba.

Akwai inda ta zauna daidai. A Borodianka, wani gari kusa da Kyiv, babban birnin ƙasar, bayan jirage sun ruguza wani bene, an ga wata kabad ɗin kicin manne a bango can sama, da tulun yumɓu mai siffar zakara a kanta, bai ko tsage ba. Wannan kam juriya ce, an sha wuya an tsaya.

To amma ku dubi Zhanna Kadyrova, wata mai sassaƙa 'yar Yukren. Ta bar Kyiv ta koma wani ƙauye a yammacin ƙasar, ta riƙa tsintar duwatsun kogi masu sulɓi tana yanka su kamar an yanka burodi, har mutum ya ga yanka-yankan a jere ya kusa kai hannu. Ta sa wa aikin suna Palianytsia, sunan burodinsu na gargajiya, kalmar da harshen 'yan Rasha ke kasa furtawa daidai. Kuɗin da aka samu ya tafi wajen taimakon mutanenta. Wannan ai ta wuce mai haƙuri, sabon abu ta fitar daga tsohuwar al'ada.

Wani malami ya ba ni shawarar farfaɗowa. Malam, Allah ya ƙara sani, amma sai an suma ake farfaɗowa. Ta dace da ɗakin karatun Sarajevo, babban birnin Bosniya, da aka ƙone a 1992 aka sake buɗe gininsa a 2014. Ba ta dace da zane-zanen marigayiya Maria Prymachenko, fitacciyar mai zanen gargajiya ta Yukren, ba. An ƙone gidan tarihin garin Ivankiv, inda aka ajiye zane-zanenta, a Fabrairun 2022, mutanen gari suka fid da wasu daga cikin zanen daga wuta, nan da nan matasan masu zane suka ɗauki dabbobinta masu launi suna sake zana su a bangaye da riguna. Babu wanda ya suma.

Tsayin daka kuwa na fagen fama ne, a bar wa sojoji.

Abin da na tsaya a kai shi ne toho. Kowa ya san yadda kututture ke yi bayan an sare shi ko gobarar daji ta bi ta kansa: saiwar tana nan, sai ga sabon ganye. Saboda haka zan riƙa rubuta "sake toho", in ce al'adar Yukren ta sake toho a hannun masu zanenta, in bar juriya ga abin da ya tsira kawai.

'Yan'uwa masu cewa tofo, ku gaya mini ko kunnenku ya karɓe ta a wannan ma'anar.