Ƙafar Hajiyarmu ta kumbura bayan kemo, a yi mata tausa ne?

Ɗan Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Hajiyarmu na karɓar kemo saboda kansar ciki, to tun jiya ƙafarta ta hagu ta kumbura daga sha-raɓa har ƙasa, ga zafi in ka taɓa, silifas ma ya ƙi shiga, ta dama kuwa lafiya lau. Gwaggo ta ce a shafa man habbatussauda a murza. Ya kuke gani?

Maman Biyu:
Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa don Allah kar a murza, kumburin ƙafa ɗaya haka ana tsoron daskarewar jini ce a jijiya, jalɗa da Larabawa ke cewa, in gudan ya ɓalle huhu yake tafiya. Ita kansar kanta tana sa jini saurin daskarewa, kemo ya ƙara, ga yawan kwanciya ga zafin nan mutum bai shan ruwa, kuma kansar ciki tana cikin waɗanda suka fi kawo wannan. Ku kai ta ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, yau ɗin nan a yi hoton jijiyar.

Baban Makka:
Allah ya ba Hajiya lafiya. In numfashinta ya fara sama-sama ko ƙirji na ciwo ko tari da jini, kira 997 kawai, lambar motar asibiti a nan Saudiyya, kar ka tsaya neman mota.

Maman Biyu:
Sannan banda ƙaho, banda asfirin da ka. Kemo na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, likita ne zai duba kafin ya ba da maganin hana daskarewar jini, allurar Clexane ko ƙwaya, galibi wata 3 zuwa 6 ake yi.

Ɗan Jidda:
Na gode Anti, yanzu za mu fita. Gwaggo dai sai harara take.