Sababbin masu taya mu aiki na sulalewa tun kafin su fara

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman shawara.

Mu uku ne ke kula da wata 'yar manhaja ta kyauta a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su yi shi tare), mai gyara ƙ da ɗ da ɓ a rubutun Hausa. A watan Oktoba, lokacin Hacktoberfest (shirin shekara-shekara na ƙarfafa wa mutane gwiwa su taya manhajojin kyauta aiki), ɗalibai bakwai suka shigo mana a nan Jos. Yau saura ɗaya.

Ba lalaci ba ne, na gani da idona. Kafin manhajar ta tashi a kwamfutar mutum sai ya yi kwana huɗu yana fama. Wata ƙanwarmu ta sayi data tana sauke Docker (wata manhaja da ake amfani da ita wajen tayar da tamu), ya kai rabi aka ɗauke wuta, batirin ya mutu. Ba ta sake dawowa ba. Wani kuma Windows gare shi, mu duk Linux, umarnin README (fayil ɗin da ke bayanin yadda ake tayar da manhajar) ya ƙi yi masa. Wanda ya tsallake ya aiko gyara kuwa sai ya jira ni mako biyu, don sai dare nake samun sukuni. Wannan laifina ne.

Na ware ƙananan ayyuka, bai hana ba. Akwai wanda ya gwada Codespaces (tsarin GitHub na yin aikin ta intanet maimakon ɗora komai a kwamfutarka) da irin intanet ɗinmu? Ko in haɗa kowane sabo da tsohon hannu? To tsofaffin mu uku ne kacal.