Shawarar makanikai kan sa wa injin mota naitros

Da makanikai suka tattauna batun nan a Sakkwato, bakinsu ya zo ɗaya: naitros, wato iskar gas da ake fesa wa injin don ƙara masa ƙarfi, na ƙara wa injin oksijin, don haka dole a ƙara fetur daidai da shi, in ba haka ba fistin ya narke. A fara da kaɗan, a sa fulogi mai jure zafi, a ja taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya, kuma kada a kunna naitros ɗin sai an take totur har ƙasa, injin ya wuce juyi 3,000 a minti.

Abin da ya fi damuna zafinmu ne. A Afrilu yakan haura digiri 40, cikin but kuwa ya fi haka, matsin tukunyar naitros da ke ajiye a ciki sai ya yi ta hawa. A ɗaure ta tamau, a fitar da bututun hucewarta waje. Injin da ya riga ya gaji kuwa, kada ma a fara.