Ta yaya Altos ACS 8000 ta ɗauki ma'aikata huɗu a lokaci guda?

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Na samu tsohuwar kwamfuta ƙirar Altos ACS 8000, wadda kamfanin Altos na San Jose a Amurka ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1970, kuma takardunta sun nuna cewa ma'aikata huɗu na iya aiki da ita tare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, firosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) ɗaya ce tak a cikinta, wato Zilog Z80, wadda ba ta iya ganin ma'adanar aiki (inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai) da ta wuce kilobayit 64 a lokaci guda. Ta yaya wannan ya wadaci mutum huɗu?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin manhajar MP/M da kamfanin Digital Research ya fitar a 1979. Kowane ma'aikaci yana da allo da madannai ne kawai, waɗanda aka jona da uwar kwamfutar ta wayar RS-232, ita kuma manhajar tana zagayawa a kansu da sauri, tana ba kowa ɗan lokaci, har mutum ya zaci shi kaɗai ake saurare. Game da ma'adana kuwa, an raba ta gida-gida: kowane mutum yana da kilobayit 48, sannan akwai 16 na tarayya inda manhajar take zaune. Idan ka haɗa 48 sau huɗu da 16 za ka samu 208, kuma shi ne girman ma'adanar samfurin mai ɗaukar mutum huɗu. Firosesar tana kallon gida ɗaya ne da na tarayya a kowane lokaci, don haka ba ta taɓa wuce iyakarta. Har yau wannan dabara tana burge ni.

Hajiya Rabi:
Ina so in ƙara a kan bayanin Injiniya cewa tsarin ya yi nasara ne domin aikin ofis, kamar rubuta wasiƙa da shigar da lissafi, yawancinsa jiran yatsun ɗan Adam ne. Da zarar kowa ya nemi faifan ajiya a tare, nauyi yakan bayyana. Sai a MP/M II ta 1981 aka samu kulle fayil, don kada mutum biyu su ɓata bayani guda.

Malam Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Akwai faya-fayan fulofi masu inci 8 tare da ita. Shin in kunna ta in gwada su?

Injiniya Bello:
Ka dakata tukuna, Malam. Ka fara sa a duba sashen wutarta, sannan a kwafe faya-fayan, domin wanda ya haura shekara 40 yana iya lalacewa a karatun farko.