Barin nama ga mai ganin rayuwa ba ta da ma'ana

A wata tattaunawa da ɗalibai suka yi a Tudun Wada, Gombe, an tambaya ko mai aƙidar nihilizim, wato wanda ya ɗauka cewa rayuwa ba ta da ma'ana ta asali, zai iya barin nama don tausayin dabba. Akasarinsu sun ce babu cin karo, domin wanda ya ga rago yana shure-shure a mayanka yana iya jin tausayi tun kafin ya kafa hujja. Na fi gamsuwa da shawarar cewa kada irin wannan mutum ya aibata masu layya, kuma idan ya koma ga wake da gyaɗa da zogale, ya nemi bitamin B12, wanda waɗannan ba sa samar masa.