Corolla 2005: wane baƙin mai sintetik ya fi dacewa da zafin Damagaram?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla ƙirar 2005, inji 1ZZ, ta ci kilomita 210,000. Tun da na saye ta Quartz 5000 20W-50 ake zuba mata. Yawona cikin gari ne, Birni zuwa Kasuwar Dole, sai Maraɗi sau ɗaya a wata. Ina son komawa sintetik, wato man da aka harhaɗa da sinadarai: Quartz 9000, Shell Helix Ultra ko Mobil 1? Ku taimaka.

Bakanike daga Zango: Wa alaikumus salam Alhaji. Dubi lambar kaurin mai kafin sunan kamfani. Toyota 5W-30 ta rubuta wa injin nan, amma da tsufansa da zafin bazararmu da ke haura digiri 40, na fi natsuwa da 5W-40. Quartz 9000 da Helix Ultra duk akwai su a wannan lamba, kuma a titi ba za ka ji bambancinsu ba. Wajen lita 4 take ci har da filta. Kada yaro ya juye maka galan mai lita 5 gaba ɗaya: in mai ya wuce alamar sama ta sandar awo yakan yi kumfa, ya matsa wa robobin inji. A yi juyen mai lokacin da inji ke da ɗumi, a canza washar notin juye, a shafa mai a robar sabuwar filta, a ɗaure ta da hannu kawai.

Direban hanyar Tanut: Alhaji, a yi hattara. 1ZZ na waɗancan shekaru ya shahara da shan mai, saboda zoben fistin kan liƙe da dauɗa. Kaurin 20W-50 ne ke rufa masa asiri. Bayan ka canza, riƙa zaro sandar awo duk kilomita 500, da safe, mota a kan daidai. In ya kusa shanye lita guda cikin kilomita 1,000, ko shuɗin hayaƙi ya bayyana, koma 10W-40 irin Quartz 7000. Sintetik kuma yana wanke dauɗar da ta toshe tsohuwar gasket, wato robar da ke hana yoyo, sai ka ga naso a gefen murfin inji. Gasket ɗin za a canza, ba man ba.

Mai sayar da kayan mota: Ranka ya daɗe, jabu ne babbar matsalar. Galan na gaske, ciki wani abu daban. Sayi a gidan mai ko wurin dila, duba hatimin murfi bai tsinke ba, kuma akwai alamar ingancin mai ta API SN ko SP a jiki.

Mai tambaya: Na gode. To da gaske ne, kamar yadda ake cewa, sintetik yana kai kilomita 10,000 kafin a sake juye?

Bakanike daga Zango: Ba a ƙurarmu ba. Ka tsaya a 5,000, ko wata shida. Da hunturu a karkaɗe filtar iska duk mako biyu, don yashin da ya wuce ta cikin mai yake ƙarewa.